Turbo a Motar Gudu: Tambayoyi da Amsoshi Kafin Ka Taɓa Inji

Duk wanda ya fara sha'awar ƙara wa motarsa ƙarfi, ba ya daɗewa sai maganar turbo ta taso. Wani fiton da yake yi ne ya ja hankalinsa, wani a bidiyo ya gani, wani kuma ya tsinci guda a kasuwar kayan gyara da araha har ya fara lissafi. Waɗannan su ne tambayoyin da na fi ji daga matasa masu son mota da yaran gareji. Na amsa su ina la'akari da zafinmu da ƙurarmu da irin man da muke sha, domin motar da aka saita a sanyin Jamus ba ita ce za ta yi yawo a Sakkwato cikin watan Afrilu ba.

Wai mene ne turbo, kuma me yake ƙara wa inji?

Mu fara daga maƙera. Gawayin da ke murhun maƙeri shi kaɗai ba zai sa ƙarfe ya yi ja ba, sai yaro ya zauna kan zugazugi. Gawayin bai canza ba, iskar da ake tura masa ce ta ƙaru. Inji ma haka yake. Mutane suna ɗauka fetur ne abincinsa, alhali iska ya fi ci nesa ba kusa ba: kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone ƙurmus, sai ya sami iska wajen giram 14.7. Ƙara fetur ba wuya, famfo da nozul sun isa. Shigar da iskar da za ta ƙona shi ita ce wahalar.

Injin da ba shi da turbo zuƙar iska yake yi da kansa duk lokacin da fistin ya sauka. Ɗauki inji mai lita 2 yana juyi 6,000 a minti. Tunda kowace silinda sau ɗaya take shaƙa a juyi biyu, abin da zai haɗiya bai wuce lita 6,000 a minti ba, kuma da ƙyar ma yake cika wannan. Nan ƙarfinsa ya tsaya. Ko dai ka ƙara girman injin, ko ka ƙara masa juyi, ko ka danna masa iskar da ƙarfi. Turbo ita ce hanya ta uku.

A cikinsa farfela biyu ce a kan sanda ɗaya, kowacce a cikin gida mai siffar katantanwa. Ta farko tana kan hanyar hayaƙi kafin ya kai salansa, hayaƙin da ke fitowa da zafi da gudu shi ke juya ta. Ta biyu tana ɗaya ƙarshen sandar, tana jan iskar waje tana matse ta tana tura wa inji. A tsakaninsu akwai boris ko bushin da bakin mai ke wankewa. Sandar nan tana juyi sama da 100,000 a minti, a ƙananan turbo ma takan haura 200,000. Ka riƙe wannan adadi, zai fahimtar da kai amsoshi da yawa a gaba.

Ke nan ƙarfin kyauta ne, tunda hayaƙi ke juya shi?

Rabi da rabi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da ke cikin fetur ta salansa yake ficewa a matsayin zafi, turbo yana tsintar wani abu daga wannan asarar. Amma farfelar da ke kan hanya tana tare hayaƙi, fistin sai ya ƙara yunƙuri wajen turo shi waje. Ƙarin iska kuma ƙarin fetur yake nema. In ka taka totur, za ka ga mai yana sauka.

Sabon abu ne?

Ko kusa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, ya yi rajistar dabarar tun 1905, sai dai manyan injinan dizal na jiragen ruwa ne suka fara cin moriyarta a shekarun 1920. A Amurka, Sanford Moss na kamfanin General Electric ya hau da injin jirgin sama kan dutsen Pikes Peak a 1918, sama da mita 4,000, ya nuna turbo yana mayar wa inji ƙarfin da siririyar iskar sama ta ƙwace masa.

Ƙananan motoci sai a 1962 suka samu, da Chevrolet Corvair Monza Spyder da Oldsmobile Jetfire. Labarin Jetfire ɗin nan na fi so mai koyo ya sani. An ɗaura turbo a kan injin da matsinsa ya haura 10:1, wato fistinsa yana matse iska da fetur fiye da ninki goma, sai aka haɗa shi da wani tulu na ruwa gauraye da methanol da ake fesa wa iska don ta huce. Masu mota suka riƙa barin tulun ya ƙare, motar ta daina ba da ƙarfin da aka saye ta dominsa, cikin shekara biyu aka daina ƙera ta. Tun daga motar farko ke nan zafi ne ya zama abin fama.

Daga baya Turai ta karɓa: BMW 2002 Turbo a 1973, Porsche 911 Turbo a 1975. Renault ta shiga tseren Formula 1 da turbo a 1977, ta ci tserenta na farko a Dijon a 1979, kuma a tsakiyar shekarun 1980 injina masu lita 1.5 kacal suna haura ƙarfin doki 1,000 a zagayen neman gurbi. An hana turbo a gasar daga 1989, ya dawo a 2014. Mu nan kuwa da yawanmu a tirela muka fara jin fitonsa, tana hawan tudu da kaya, domin manyan motocin dizal na yanzu kusan duka da shi suke zuwa.

Marsandi mai rubutun Kompressor a baya, turbo gare ta?

A'a, sufacaja ce. Aikinsu ɗaya, danna iska, amma ita bel ne ke juya ta daga inji. Tana amsawa nan take da ka taka, sai dai tana cin wani ɓangare na ƙarfin da take samarwa. Daga baya Marsandi ta bar wannan tsari ta koma turbo a ƙananan injinanta.

Ina jin ana cewa mota tana kan bar 1 ko psi 15. In na sa bar 1 ƙarfina ya ninka?

Abin da ake kira bust shi ne matsin da turbo ya ƙara a kan na iskar duniya. Iskar da muke shaƙa a bakin teku tana da matsi kusan bar 1, wato psi 14.7. In agogon bust ya nuna bar 1, matsin da ke shiga inji ya zama bar 2 ke nan. A takarda ninki ne. A zahiri bai kai ba, kuma dalilin shi ne ginshiƙin duk wannan magana.

Iska in aka matse ta zafi take yi. Taɓa gindin famfon keke bayan ka gama ba taya iska, za ka ji. Iska mai zafi kuwa buɗewa take yi, lita ɗaya tata ba ta da nauyin lita ɗaya ta mai sanyi, inji kuma nauyin iska yake ƙonawa da shi, ba lambar da ke kan agogo ba. Ga lissafi. A ranar da zafin gari yake digiri 40, turbo mai matsakaicin inganci da ke ba da bar 1 zai fitar da iska tana wajen digiri 135 zuwa 140. Wanda ke ƙasar da zafinta yake digiri 20 zai sami wajen 110. Mun fara da bashin digiri 25 ke nan tun kafin a yi komai. Kuma ƙaramin turbo da aka tilasta wa bar 1.5 yana iya ba da ƙarfi ƙasa da babba da ke kan bar 1.2, saboda ƙaramin ya fita daga inda yake aiki da kyau, dafa iskar kawai yake yi.

To intakula fa, dole ce?

A wurina, a ƙasarmu, dole ce. Kamar lagireto take, amma iska ce ke bi ta cikinta maimakon ruwa. Iskar nan mai digiri 138, intakula mai kyau da ke samun iskar gaba za ta iya sauko da ita wajen 70. Ko Porsche sai da ta ƙara wa 911 Turbo intakula a 1978.

Abubuwa biyu ake kuskurewa. Na farko, a ɗaura ƙatuwar intakula a gaban lagireto ta toshe masa iska, a magance zafin iska a jawo zafin ruwa. Sai an duba fanka da lagireton kansa. Na biyu, a manta cewa intakula ƙarfe ce mai ɗaukar zafi. Ka tsaya a cunkoso minti ashirin da rana tsaka, ta gasu, hanya ta buɗe ka danna totur har ƙasa: a wannan takun farko iskar da ke shiga inji ta fi ta kowane lokaci zafi. Ka ba ta ɗan gudu ta huce tukuna.

Gaskiya ne turbo yana kashe inji?

Abin da ke kashe injin shi ne ƙwanƙwasa, turbo kuwa yana kusantar da inji gare ta. Kada ka haɗa ta da abin da kanikawa ke nufi in sun ce inji ya buga, wancan galibi rashin bakin mai ne. Wannan a cikin wutar kanta take.

A ƙa'ida fulogi ke kunna wuta, ta bazu ta cinye cakuɗen iska da fetur daga tsakiya zuwa gefe. In matsi da zafi suka yi yawa, ragowar cakuɗen da ke gefe ba ya jiran wutar ta iso, sai ya fashe da kansa. Fashewar nan dukan guduma ce a kan fistin. A kunne tana zuwa kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, amma a mota mai ƙarar salansa, a juyi 5,000, ba lallai ka ji ta ba. Sai dai ka ga ɓarna: gefen fistin da ke riƙe ringi ya tsage, gasket ya ƙone, kan fulogi ya gutsure. A ƙarƙashin bust daƙiƙoƙi kaɗan sun isa.

Masu jawo ta sanannu ne: iska mai zafi, fetur mai ƙarancin okten (ma'aunin juriyarsa ga fashewa da kansa), fetur da bai ishi iskar ba, da taimin da aka sa wuta ta kama da wuri. Sai matsin injin kansa. Shi ya sa injinan da matasa ke yi wa kirari, 2JZ-GTE na Toyota Supra da RB26DETT na Nissan Skyline GT-R, aka ƙera su da matsi 8.5:1, alhali motocin gida marasa turbo galibi suna kan 10:1 ko sama. An rage matsin fistin ne don a bar wa turbo wuri. Injinan zamani masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna iya ɗaukar matsi fiye da haka, domin fetur ɗin yana sanyaya cikin silindar.

Akwai na'ura a jikin inji da ke sauraron ƙwanƙwasa, in ta ji sai kwakwalwar mota ta ja taimin baya. Tana ceto, amma tana da iyakar da za ta ja. In ka ga motarka tana da ƙarfi da asuba, da azahar kuma ta yi nauyi, sau da yawa wannan ceton ne kake ji.

Motata daga Amurka take, an rubuta 91 a murfin tanki. Ta abokina daga Turai an rubuta 95. Wacce ta fi son mai mai kyau?

Kusan abu ɗaya suke nema. Turai da wani ma'aunin okten mai suna RON take aunawa, Amurka kuma tana haɗa ma'auni biyu ta raba, lambarta ta fito ƙasa da maki huɗu ko biyar. 91 na Amurka yana wajen 95 na Turai, 87 nasu kuma wajen 91. Okten ba ƙarfin fetur ba ne, juriyarsa ce ga fashewa da kansa.

A yawancin gidajen manmu fetur iri ɗaya ne a famfo, babu zaɓi. Saboda haka duk saitin da za a yi wa motarka, a yi shi da man da za ka riƙa samu kullum, a kuma bar rata. Man galan na 'yan bumburutu, da ba ka san da me aka gauraya shi ba, in dole ta sa ka sha, ka tafi a hankali har ya ƙare.

Mene ne wesget? Wani ya ce in ɗaure shi kawai bust zai ƙaru.

Zai ƙaru, kuma a nan injina da yawa suka mutu. Turbo ba ya sanin ya isa: ƙarin iska na kawo ƙarin hayaƙi, ƙarin hayaƙi na ƙara juya shi. Wesget ƙofa ce da ke buɗewa in bust ya kai inda aka tsara, ta karkatar da wani hayaƙin ya wuce ta gefen farfela. Sifirin ne ke riƙe ta a rufe, matsin iska ke tura ta, a motocin zamani kuma kwakwalwa ce ke juya ta. Wata a jikin turbo take, wata daban ake ɗaura ta a kan manifol, wato bututun da ke tattara hayaƙin silindu.

In ka ɗaure ta ko ka cire tiyon da ke kai mata matsi, ka ƙara iska ba ka gaya wa mai ba da fetur ba. Mota mai wayo za ta yanke mai ta kunna fitila. Wadda ba ta da wannan kariya za ta ba ka gudu mai daɗi na ɗan lokaci kafin fistin ya narke.

Ni ƙarar atishawar nan nake so in na saki totur. Tana ƙara ƙarfi?

Ko doki ɗaya. In ka ɗaga ƙafa, ƙofar totur ta rufe, iskar da turbo ya riga ya matso ta rasa wurin zuwa ta koma ta bugi farfela. Shi ya sa ake sa wani bawul da ke sakin ta. Na kamfani yana mayar da ita gaban turbo cikin shiru, na atishawa yana watsar da ita waje. A motar da ke auna iska tun daga bakin filta, iskar nan an riga an ƙirga ta an ba ta fetur ɗinta. In ka watsar, mai ya yi yawa, motar ta riƙa shaƙewa ko ta mutu a tsaye. Fara sanin yadda motarka ke auna iska kafin ka saya.

Babban turbo ya fi ƙarami, ko?

Ya danganta da inda kake tuƙi. Babbar farfela tana bukatar hayaƙi mai yawa kafin ta tashi. Abu biyu ne a nan da ake cakuɗawa. Akwai juyin da inji zai kai kafin hayaƙinsa ya isa ya samar da bust: a ƙaramin turbo ƙasa da 2,000, a babba wani lokaci sai 4,500. Akwai kuma jinkirin da ke tsakanin takunka da zuwan ƙarfi ko da inji yana sama. Tsohuwar Porsche 911 Turbo ta yi suna da wannan, ka taka shiru, sai ƙarfin ya zo gaba ɗaya a tsakiyar kwana, har aka yi mata laƙabin mai sa mata takaba.

Kamfanoni sun bi hanyoyi da yawa don rage shi. Supra tana da turbo biyu masu shiga bi da bi. Wasu suna raba hanyar hayaƙi biyu a cikin katantanwar don silindu kada su riƙa tare wa juna numfashi. Na dizal da yawa suna da 'yan fukafukai masu motsi da ke matse hanyar hayaƙi a ƙananan juyi, abin da ya yi wuya a injin fetur saboda hayaƙinsa yana kusantar digiri 1,000, amma Porsche ta sa shi a 911 Turbo a 2006.

Shawarata, ka zaɓi ƙarfin da kake nema da gaske, sannan ka sayi mafi ƙanƙantar turbo da zai kai ka can ba tare da ya wahala ba. Motar da ba ta farkawa sai a juyi 4,500 azaba ce a cikin gari.

Motata ba ta zo da turbo ba. Zan iya ɗaura mata?

Za ka iya, ana yi. Amma turbo ɗin shi ne mafi sauƙin abin da za ka saya. Kana bukatar manifol da zai zauna a kai, wesget, bututai da intakula, layin da zai kai masa bakin mai da wanda zai mayar, wanda sai an huda kaskon ƙasa. Kana bukatar manyan nozul, famfon fetur mai ƙarfi, fulogi masu jure zafi da aka matse bakinsu, da kwakwalwar da za a iya rubuta mata sabon lissafi, domin ta asali ba ta san matsi sama da na iskar duniya ba. Sai kuloci, in kuwa giyar otomatik ce, musamman mai bel ɗin ƙarfe a ciki, ita ce takan fara sallamawa. Bayan duk wannan, da fistin da sandunansa na asali, galibi bar 0.3 zuwa 0.5 za ka tsaya.

In Camry ko Accord ɗin nan ita ce motar da kake kai yara makaranta, ɗan'uwa ka bar ta yadda take. Kuɗin da za ka kashe ka haɗa ka sayi wadda ta zo da turbo daga kamfani, Golf GTI ko Subaru WRX misali, wadda an riga an ƙera fistin ɗinta da sanyayarta da giyarta don wannan aiki. In kuwa koyo kake so, kana da wata motar hawa, kana da haƙurin kwancewa da ɗaurawa, to makaranta ce mai kyau.

Tawa ta zo da shi. Daga ina zan fara?

Daga lafiyarta. A auna matsin kowace silinda, a toshe bututun iska a hura a nemi inda yake yoyo, a canza fulogi, a duba koyil da lagireto da famfon ruwa. Motar Kwatano da ta yi shekara goma sha biyar, tiyoyinta sun bushe, ƙarin bust zai tona duk raunin da ta ɓoye. Daga nan taya da birki. Sannan agogon bust da na'urar auna cakuɗen iska da fetur. Sai bayan waɗannan a zo ga saitin kwakwalwa, wanda a motar turbo shi ne ya fi ba da ƙarfi a kan kuɗi kaɗan. Intakula ta biyo, sai bututun da ke bayan turbo. Canza turbo ɗin kansa shi ne na ƙarshe.

Ka kuma san iyakar wanda kake da shi. Skyline GT-R ta farkon shekarun 1990 farfelar hayaƙinta ta tangaran ce don ta yi saurin tashi, kuma an san ta da ɓallewa in aka haura da bust sama da bar 1.

Akwai fayil ɗin saiti a intanet, wai an yi shi don irin motata. In sa?

An yi shi don irin motarka, a kan fetur mai okten 98, a ƙasar da zafin 30 labari ne. Saiti na gaskiya aunawa ne. A tafiyar yau da kullum cakuɗe yana kan 14.7 da 1. A ƙarƙashin cikakken bust ana ƙara fetur da gangan, galibi ya koma wajen 11.5 zuwa 12 da 1, domin rarar man tana sanyaya silinda. Na'urar hayaƙi ta tsofaffin motoci da yawa ba ta iya karanta wannan yanki, kusa da 14.7 kawai take gani, sai an sa mai faɗin karatu. Ana duba nozul kada su kasance a buɗe fiye da kashi 85 cikin ɗari na lokaci. Ana duba zafin iskar da ke shiga da yawan taimin da kwakwalwa ke ja baya. Duk mai saitin da bai nemi ganin waɗannan lambobi daga motarka ba, canka yake yi da injinka.

Wane bakin mai zan sa, kuma dole in bar mota tana aiki kafin in kashe?

Tuna juyi 100,000 ɗin nan. Abin da ke tsakanin sandar da ƙarfen da take zaune a kai siririn fefen bakin mai ne, a maƙwabtaka da gidan da ke iya yin ja kamar garwashi. Ka sa wanda ake kira synthetic, mai kaurin da kamfani ya rubuta, a rufaffiyar galan, ba na awo daga durom ba. Ka riƙa juye da wuri fiye da abin da littafi ya ce, saboda zafi da ƙura. In ƙaramin inji ne mai fesa fetur kai tsaye, nemi mai alamar API SP, ma'aunin da ya fito a 2020, domin an gwada shi kan wata irin fashewa da ke samun waɗannan injina in aka danna totur a babbar giya inji yana ƙasa. Wannan takun ma ka daina shi, sauke giya.

Batun kashewa: in ka kashe inji turbo yana da zafi sosai, mai ya tsaya a cikinsa ya soye ya zama gawayi, ya toshe hanya a hankali. Na zamani ruwa yana ratsa su, wasu ma da ƙaramin famfo da ke ci gaba da aiki bayan an kashe, saboda haka tuƙin gari ba ya bukatar jira. Bayan gudu mai tsanani ko doguwar hanya, ka yi kilomita biyun ƙarshe a hankali, ko ka ba shi minti ɗaya. Da safe ma kada ka taka sai mai ya ɗumama.

Filtar mazurari da ake sawa a waje fa?

A lokacin hunturu, da ƙurar da ke rufe rana, ina jin tsoronta. Ƙura ga farfela mai wannan juyi yashi ne, tana cinye bakin fukafukai har su yi dakushi. Kuma in filtar tana buɗe a cikin bonet, iskar inji mai zafi take shaƙa. Akwatin asali da filtar takarda mai kyau da ake canzawa a kan kari ya ishi yawancin motoci.

Me ya sa motar turbo ba ta rasa ƙarfi a Jos kamar sauran?

Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, iskarta ta fi ta bakin teku sirantaka da fiye da kashi goma cikin ɗari, inji marar turbo kuma yana rasa kusan haka na ƙarfinsa. Turbo yana cike giɓin ta hanyar ƙara juyi. Wanda aka riga aka kai shi maƙura a ƙasa, a tudu yana iya wuce juyin da aka ƙera shi da shi.

A ina zan gwada ta?

Ba a titin unguwa ba, ba a ayarin biki ba. Motar da aka ƙara wa doki hamsin tana isa mahaɗa da gudun da idonka bai saba da shi ba, titinmu kuma na masu babur ne da 'yan talla da yara masu tsallakawa. Wasan mota a bukukuwa ya sa gidaje makoki, kowa ya sani. Injin gwaji na daino, inda mota ke gudu a ɗaure a kan nadi, shi ne wurin saiti. In babu, a nemi rufaffen fili da izini, mutum ɗaya yana tuƙi, wani yana kallon lambobi.

Na sami turbo na hannu. Yaya zan gane lafiyarsa, kuma yaya zan tashe shi ranar farko?

Kama ƙarshen sandar da yatsu. Ɗan motsi gefe da gefe a mai bushin ba laifi, muddin farfela ba ta taɓa gidanta. Motsi ciki da waje kuwa bai kamata ka ji shi ba. Duba fukafukai ko sun gutsure, duba bangon katantanwa ko akwai shatar gogayya, duba ɓangaren hayaƙi ko ya tsage kusa da ƙofar wesget. Ka tambayi abin da ya kashe tsohon naka ma, domin in layin mai ne ya toshe, sabon zai bi shi.

Wajen ɗaurawa, layin mayar da mai ya zama mai faɗi, ya gangara kai tsaye ba lanƙwasa, ya shiga kasko sama da inda mai yake tsayawa, tunda nauyinsa kaɗai ke mayar da shi. Shuɗin hayaƙi bayan ɗaura turbo sau da yawa daga nan yake, ba daga turbo ba. Kada a shafa gam a bakin layin shiga, guntunsa zai toshe ramin. A wanke intakula da bututai, ɓarɓashin tsohuwar farfela yakan maƙale a ciki. Sabon mai, sabuwar filta. Zuba mai ta ramin sama kana juya sandar da yatsa, sannan ka cire fiyus ɗin famfon fetur ka buga sitata na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar, sau biyu ko uku, har fitilar mai ta mutu. Mayar da fiyus, tashe ta, ka bar ta a sulo minti biyar kana haska ƙarƙashi da tocila kana neman ɗigo. Fitar farko a yi ta a kan mafi ƙarancin bust da sifirin ɗin wesget ke bayarwa, da asuba kafin rana ta ɗaga, in an dawo kuma inji ya huce a sake bin kusoshin manifol da sifana.